Fim ɗin da Muka Ƙarasa a Gidan Malamai

Shekarun baya, lokacin gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, ina da aboki ɗaya a duk Birnin Zariya. Ɗaya tak. Labarinsa zan ba ku yau. Ban yi boko ba, ɗan rubutun da kuke gani a nan ma da girmana na koye shi, don haka wanda ya ga kuskure ya haɗiye.

Sana'ata wankin hula. Ina da ɗan shago a wani lungu kusa da Ƙofar Doka, a nan nake aiki, a ɗakin bayansa nake kwana. In wanke hula da sabulu da buroshi, in sa mata sitaci, in kifa ta a kan katako, in jera a rana. Aiki ne da ba ya buƙatar baki, shi ya sa muka daɗe tare da shi.

Asalina Bakano ne. Zamanin wani mulkin soja aka zo tasha aka kwashe mu, da mai laifi da mai jiran mota. Ni mota nake jira. Na yi shekaru a ɗaure ban taɓa ganin alƙali ba. Ranar da aka gaji da ciyar da ni aka buɗe mini ƙofa. Na koma gida na tarar mahaifiyata ta rasu, matata ta yi wani auren, kuma ban ga laifinta ba. Na hau mota na sauka Zariya saboda babu wanda ya san ni a nan. Iyakar abin da zan faɗa a kan wannan ke nan.

Abokina tsohon malamin sakandare ne, tarihi ya koyar har ya yi ritaya. Ɗan gidan malamai ne a cikin Birni, irin gidan da in ka wuce da safe karatu za ka ji, in ka wuce da yamma karatu za ka ji. Huluna ya fara kawo mini. Ranar farko da ya ji maganata ya tsaya ya ƙare mini kallo, ya ce ashe bawansa ne yake wanke masa hula, to daga yau ya daina godiya. Na ce masa tun kakanni ba a taɓa jin Bazazzage ya mallaki Bakano ba, sai dai mu ɗauke su dako. Kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi. Ni na daɗe ban yi shi da kowa ba. Ranar nan bakina ya yi ƙara kamar ƙofar da ta yi tsatsa, amma ya buɗu.

Daga nan ya mayar da shagona wurin zama. Da an idar da la'asar sai ga shi, ya tattara babbar riga ya zauna a benci, ya fara kushe mini aiki. Sai daga baya na gane abin da ke kawo shi. Mutumin nan kiɗa yake so, gidansu kuwa ko a rediyo ba a barin kiɗa ya wuce. Wata rana ya zaro wata 'yar na'ura daga aljihu, ana buɗe ta kamar ƙaramin akwati, allon kallo a jikin murfin, ana sa mata faifai. Ya ce in ajiye masa ita a wurina, tare da tarin faya-fayai a cikin leda. Na ajiye a ƙarƙashin tebur, na rufe da tsumma.

A nan na fara jin kiɗan ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Akwai na ƙasar Kongo, jita tana gudu kamar ruwa a kan kwano. Akwai na Mali, abin kiɗansu mai tsirkiya da yawa, da murya mai hawa sama kamar ana kiran wani daga tsallaken kogi. Mukan sauke labulen ƙofa rabi, mu rage murya. Malam ya lumshe ido yana kaɗa ƙafa, yana gaya mini wannan kakanni ake yabo, wannan kuma mace ce ta tafi ta bar mai waƙar. Na tambaye shi ko yana jin yarensu. Ya ce ba ya ji, amma duk inda ka ji jita na kuka haka, mace ce ta tafi. Ban yi masa musu ba.

Rannan ya zo da faifai na daban. Fim ne na tarihi, a kan wani soja da ya ƙwaci mulki a wata ƙasar Afirka, ya zauna a kan mutane shekara da shekaru. Da Turanci ake magana, ni kuwa Turancina bai wuce wanda gandiroba ke daka wa mutum tsawa da shi ba. Malam ya ce kada in damu, shi zai yi mini fassara.

A nan matsala ta taso. Tsohon malamin makaranta ba ya ganin ɗalibi ya ƙyale. Da mutum ya buɗe baki a fim sai ya danna ya tsayar, ya fara gaya mini waɗanda suka yi wa ƙasar mulkin mallaka, da abin da suke nomawa, da sunan koginsu. Kafin ya gama batir ya mutu, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Fim ɗin da mutane ke gamawa a zama ɗaya, mu muka yi makonni a kansa.

"Malam, ka bar mutumin nan ya yi magana mana."

"Ina ruwan Bakano da tarihi? Ku dai a buɗe muku kasuwa."

Amma na ji daɗin fim ɗin nan, ba zan ɓoye ba. Shugaban ƙato ne, ƙirjinsa cike da lambobin yabo da shi ya ba kansa, har sai da telansa ya ninka wa rigar ƙyalle a ciki don kada ta yage. In ya yi dariya sai ministocinsa su yi, suna satar kallon juna don su san inda za a tsaya. Abin da ya fi kama ni tsoronsa. Ba ya cin abinci sai kuku ya ɗanɗana a gabansa. Akwai wurin da kyanwa ta faɗo kan rufin kwano, sai ga shi a ƙarƙashin tebur, da lambobin da komai. Na yi dariya har da hawaye. Malam ya ce wannan ba fim ɗin ban dariya ba ne. Na ce a wurina shi ne. Duk shekarun da na yi a ɗaure na ɗauka masu ɗaure mutane barci suke yi mai daɗi.

Ga kuma kiɗa. Duk bikin da shugaban zai yi akwai makaɗa a gefe, gumi na zuba, ba su isa su tsaya ba ko da ana jan wani ana fita da shi. Akwai wani kiɗa guda da ke yawan dawowa, jita a hankali, da muryar mace a kai. Duk sanda ya zo Malam sai ya mayar baya mu sake ji. Yakan bi shi da hanci, bakinsa a rufe, kamar mai tsoron kada gidansu su jiyo daga nesa.

Wuri ɗaya ne ban yi dariya ba. Sojoji suka zo kasuwa da babbar mota suna loda mutane, wata mata na bin motar da takalmin mijinta ƙafa ɗaya a hannu. Na tashi na fita waje, na yi ta juya hulunan da ba sa buƙatar juyi. Da na dawo na gaya masa nawa labarin, a taƙaice kamar yadda na gaya muku. Bai taɓa sani ba. Bai ce Allah sarki ba, bai yi mini tambaya ba. Ya cire fim ɗin, ya sa faifan Mali, muka zauna har aka kira magariba. Washegari ya zo ya zage ni kamar kullum. Saboda wannan na riƙe shi.

Muna gab da ƙarshe ke nan, 'yan tawaye sun kusa shiga babban birni, shugaban yana loda akwatuna a jirgin sama, sai batir ya mutu. Na ce ya gaya mini yadda ta ƙare, tunda shi ya san tarihi. Ya ce bawa ba ya yi wa ubangidansa gaggawa, gobe ma rana ce.

Goben bai zo ba. Jibi ma haka. Wani mai kawo mini hula ne ya gaya mini Malam ya faɗi yana alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya rufe. An kai shi asibiti an dawo da shi gida.

Na yi wanka, na sa rigata ta Juma'a, na tafi. Ban taɓa shiga gidansu ba sai ranar. An kwantar da shi a shigifa, wato zaure na biyu, don masu gaisuwa su riƙa samunsa. Ɗakin cike da mutane, 'yan'uwa da malamai, wannan na tofi, wancan na jan carbi. Na cire takalmi na durƙusa daga bakin ƙofa. Na ce sannu Malam, Allah ya ba da lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Da wata murya mai laushi na faɗa, wadda ni kaina ban san ina da ita ba. Bakinsa ya karkace gefe guda. Ya zuba mini ido, ya daɗe, kamar yana jiran wani abu. Sai ya juya idon ya koma kallon bango. Na ce a raina ya gaji, na shafa fatiha na tashi.

Na koma, na sake komawa. Kullum haka. In durƙusa, in yi sannu, ya dube ni, ya dubi bango. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa ba ya son in gan shi a haka. Na san wannan, don ni ma da na fito daga ɗauri ban so wanda ya san ni ya gan ni ba. Na ɗauka ina yi masa kara ne, na daina zuwa. Ku ji wayon Bakano.

Damina ce lokacin. Huluna ba sa bushewa, shago na warin sitaci. Ana idar da la'asar sai in ga na goge benci ban sani ba. In zauna in dubi lungu, awaki su wuce, mai kayan miya ya wuce. Na'urar tana ƙarƙashin tebur, ban taɓa ta ba. Sai a yi yini guda ban furta komai ba ban da salla da "an gama" da "sai gobe". Na saba zama ni kaɗai, na yi shi a wurin da ya fi nan muni. Amma wanda bai taɓa samun abokin zama ba daban, wanda aka ba shi aka karɓe daban. Wannan karon ya fi ciwo.

Ina cikin haka wata safiya keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin lungu, wata tsohuwa ta sauko da sanda. Ta zo har ƙofar shago ta tsaya tana haki. Ta ce ita yayar Malam ce, uwa ɗaya uba ɗaya, hulunansa ta zo karɓa saboda ana haɗa masa kaya. Babban ɗansa da ke aiki a Abuja ya zo, zai tafi da shi can ƙarshen mako, a riƙa gasa masa jiki a asibiti, kuma ba maganar dawowa. Na ji kamar an zare mini benci ina zaune. Na juya ina tattara hulunan don kada ta ga fuskata.

"Kai ne Bakanon?"

Na ce ni ne, Hajiya.

"Na ga zuwanka, ina bayan labule. Ka durƙusa kamar mai neman aure, ka yi sannu, ka tashi." Ta buga sandarta a ƙasa. "Addu'a muna da masu yi, sana'ar gidanmu ce. Tun da ƙanena ya kwanta kowa lallaɓa shi yake yi, kowa da muryar ta'aziyya. Yana ji, ba kurma ba ne. Mutum ɗaya ne a garin nan aka yarje wa ya zage shi, shi ma ya zo ya yi masa sannu. Me kake so ya ɗauka?"

Na miƙa mata hulunan, ta ƙi karɓa. Ta ce nauyi za su yi mata, in kai da kaina. Ta juya ta tafi, ko sallama babu.

Na kai na'urar wurin masu cajin waya ta cika. Washegari bayan la'asar na sa rigar aikina, wadda duk sitaci ya ɓata, na ɗauki huluna a hannu ɗaya, na'ura a ɗayan. Ni da na tsaya gaban bindiga, ga ni ina tsoron zauren malamai.

A ƙofar shigifa ɗan nasa ya tare ni. Mutum ne mai ladabi, ya rusuna ya gaishe ni, ya karɓi hulunan. Sai idonsa ya faɗa kan na'urar. Ya tambayi mene ne. Na ce kayan babansa ne, akwai fim ɗin da muka fara ba mu gama ba, kuma akwai kiɗa a ciki, gara in faɗa tun yanzu. Mutanen ɗakin suka daina jan carbi.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji shi a hankali. "Gidan nan ba a taɓa kunna kiɗa ba. Balle a kan mara lafiya."

Gaskiyarsa ce. Sai na leƙa ta gefen kafaɗarsa, na ɗaga murya irin wadda nake yi a shago.

"Kai bawa, wa ya ba ka izinin kwanciya? Ka cika mini shago da tsofaffin huluna, kana nan ana ba ka kunu a baki kamar mai jego."

Na ga wani dattijo ya buɗe baki. Malam ya juyo da ido daga bango. Hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya fara tasowa daga kan katifa a hankali, har ya miƙe sosai. Ya ware yatsu biyar ya yi mini daƙuwa.

Ɗan ya tsaya yana kallon hannun nan. Ina jin tun da aka haife shi bai taɓa ganin ubansa ya yi haka ba. Daga bayan labulen cikin gida muryar tsohuwar ta fito. Ta ce masa ya ƙyale mu, Bakano ne, wasan nan ya girme shi, ya girmi gidan ma. Dattawan suka dubi juna. Ɗaya ya ce bari ya je ya sabunta alwala, wani ya tuna ana jiransa a waje. Ɗaya bayan ɗaya suka fice. Ba su yarda ba, ba su hana ba, sun dai tashi don kada a ce sun ji. Har gobe ina ganin girmansu a kan wannan. Ɗan ya ce to, amma a rage murya, kuma da an kira salla a kashe. Na ce ko a shago haka muke yi.

Na zauna a gefen katifa, na ɗora na'urar a kan matashi inda zai gani, na kunna. Shugaban ya fito yana daka wa matuƙin jirgi tsawa. Sai a lokacin na tuna abin da ban yi tunaninsa ba tun daga shago: mai fassarar ne a kwance ba baki.

Ɗan ya gane, ya matso ya ce shi zai fassara. Malam ya yi wani gurnani, ya kore shi da hannu. Sannan ya nuna ni da yatsa.

Na ce, Malam, ka san ba na ji. Yatsan bai sauka ba.

To, na fara. Na dubi bakin shugaban, na dubi hannuwansa, na ce yana cewa shi ɗan cikin Birnin Zariya ne, ba zai hau jirgin nan ba sai matuƙin ya gyara Turancinsa. Malam ya buga katifa da tafin hannu. Na ce to na yi kuskure, cewa yake yi a tsayar da yaƙin tukuna, zai yi wa 'yan tawaye bayanin abin da ake nomawa a ƙasar da sunan koginsu. Ya sake buga katifa, kafaɗarsa na girgiza. Dariya yake yi da rabin baki, miyau na zubowa ta gefe. Na goge masa da hannun rigata na ci gaba. Duk wanda ya fito a allon sai na ba shi unguwa a Zariya. Duk ƙaryar da ta yi yawa sai katifa ta sha duka. Tun da nake ban taɓa yin magana mai tsawon ta ranar nan ba, har maƙogwarona ya bushe.

Jirgin ya tashi, aka nuno mutanen ƙasar sun cika titi, wasu na rawa, wasu na tsaye kawai riƙe da hotunan waɗanda ba su dawo ba. Sai kiɗan nan ya shigo, jitar da muryar macen. Na yi shiru, don wannan ba ya buƙatar fassara. Can na ji wani sauti kusa da ni. Malam ne yake bin kiɗan da hanci. Daidai yake bi, bai kauce ba. Mutumin da ya kasa furta ko sunan ɗansa. Na ji ƙarar carbin bayan labule ta tsaya. Ɗan ya tashi ya fita tsakar zaure, ya ba mu baya. Na mayar da wurin baya muka sake ji, kamar yadda shi yake yi.

Ƙarshen fim ɗin a wata ƙasa aka yi shi. Shugaban ya tsufa, babu lambobi, babu soja ko ɗaya. Yana zaune a kujerar roba a bakin wani gida, kaji na kiwo a gabansa. Ya daɗe yana magana, shi kaɗai, murya ƙasa-ƙasa. Malam ya dube ni yana jira. Na buɗe baki da niyyar tsokana, sai wani abu daban ya fito.

"Yana cewa kowa ya tafi. Yana cewa da yamma ne abin ya fi tsanani. Ya ce yakan goge wurin zama, alhali ya san babu mai zuwa. Ya ce bai iya roƙon mutum ya zauna ba, ba a koya masa ba."

Kada wani ya ɗauka tausayin azzalumin nan na ji. Ko kaɗan. Da ma a ce ya fi haka wulaƙanta. Maganata ce, na rasa bakin da zan sa ta, sai nasa na samu a kusa.

Malam bai buga katifa ba. Ya miƙo hannu ya kama wuyan hannuna ya riƙe. Sunaye suka yi ta hawa a allo har suka ƙare, batir bai mutu ba ranar. Muka zauna haka har ladan ya kira magariba.

Ɗan ya rako ni ƙofar gida, idonsa ja. Ya ce, "Baba, abin da mutumin ya faɗa a ƙarshe, ba haka ba ne."

Na ce na sani.

"In gaya maka?"

"Babanka ya buga katifa?"

"A'a."

"To ya isa."

Na miƙa masa na'urar, na ce gobe zan aiko da sauran faya-fayan. Na ce in sun je can, bayan la'asar, ya rufe ƙofa ya kunna masa, ya fara da na Mali. Ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi garwashi, amma ya karɓa.

Na koma kullum har ranar tafiya, in zage shi, ya yi mini daƙuwa, in tashi. Ranar tafiyar ban je ba. Ban iya sallama ba, kuma ba na son in koya a kansa. Na buɗe shago na wanke hulunan da na riga na wanke.

Bai kai wata daminar ba. A can ya rasu, a can aka binne shi, labari ya same ni an riga an gama komai. Bayan kwanaki sai ga ɗan a shagona. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi mini gaisuwa kamar ni ne na gida. Ya ce ya riƙa kunna masa, ƙofa a rufe, kuma yakan bi da hanci har kusan ƙarshe. Lokacin da mahaifiyata ta rasu ina ɗaure, babu wanda ya zo ya ce mini ya haƙuri. Wannan ce gaisuwar mutuwa ta farko da aka taɓa kawo mini. Ban san yadda ake amsawa ba. Na ce masa ya zauna, na sayo masa ruwa.

Yanzu wani ya tura mini irin kiɗan nan a waya, ina aiki ina ji. Har yau ban san kalma ɗaya a ciki ba. Samarin lungu sun taɓa jana gidan kallo, inda ake nuna fim da fassarar Hausa a kai. Mai fassarar ya iya aikinsa, yana da sauri, babu inda ya tsaya ya ɓata wa kowa lokaci. Ban kai rabi ba na fito.

Ba ni da wa'azi, ba gidan malamai na fito ba. Abu ɗaya na sani. In kana da wanda kuke zagin juna kuna dariya, ka ji ya kwanta, kada ka je masa da fuskar ta'aziyya. Masu addu'a suna da yawa, Allah ya saka musu, kai ma ka yi taka a sallarka. Amma in ka shiga ɗakin, ka shiga a yadda ya san ka. Ni na ɓata makonni ina ladabi, kwanaki kaɗan suka rage mini na rashin kunya, kuma su ne kawai nake tunawa in ji daɗi.

Allah ya jiƙan Malam. Shi kaɗai ne Bazazzagen da na yarda ya mallake ni, kuma na yi sa'a ba ya nan balle ya ji na faɗa.